Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (1781–1837) da Sha'anin Masu Gudun Hijira a Kan Iyakar Gobir

Tsakure

Wannan maƙala ta bi rayuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta fuska guda, wato alaƙarsa da mutanen da yaƙi ya raba da gidajensu a ƙasar Gobir. Ta nuna cewa Bello ya fara sanin yaƙi ne yana cikin masu hijira waɗanda yunwa ta gallaba, kuma abin da ya gani a shekarun nan ya yi tasiri a kan manufarsa ta gina ribaɗi da tsugunar da jama'a. Ta kuma nuna cewa yaƙe-yaƙen da suka kare waɗannan garuruwa su ne suka watsa Gobirawa, har suka kafa nasu garuruwan a can da nan.

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 2019 ƙasar da ke tsakanin Isa da Sabon Birni ta shiga bakin duniya saboda hare-haren 'yan bindiga. Ƙauyuka irin su Kamarawa sun sha wuya, mutane da yawa sun kwarara cikin garuruwan Isa da Sabon Birni, wasu dubbai kuma suka ƙetare iyaka zuwa jihar Maraɗi, inda Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsugunar da wani sashe nasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Galibin abin da ake rubutawa kan wannan hali yana ɗaukarsa tamkar baƙon abu. Amma wanda ya duba tarihin garuruwan da ake gudu daga cikinsu da waɗanda ake gudu zuwa gare su zai tarar cewa da yawansu gudu ne ya haife su tun asali. Babu mutum guda da ya fi Muhammadu Bello hannu a cikin wannan tarihi.

Akwai abin lura game da majiyoyi. Mafi yawan abin da aka sani kan waɗannan shekaru ya fito ne daga alƙaluman Sakkwato: Infaƙul Maisuri da Sardul Kalami na Bello kansa, da Tazyinul Waraƙati na Abdullahi ɗan Fodiyo, da rubuce-rubucen Waziri Giɗaɗo da na Alhaji Sa'idu, sai kuma aikin Waziri Junaidu daga baya. A kansu ne Murray Last da H. A. S. Johnston suka gina littattafansu na 1967. A cikin waɗannan majiyoyi, tashin Jama'ar Shehu daga Ɗegel sunansa hijira, kalma mai daraja wadda ke haɗa ta da Makka da Madina. Tashin Gobirawa daga Alƙalawa kuwa bai samu suna irin wannan ba. Ana ambatonsu ne idan sun kawo hari ko sun warware alkawari. Bahaushen yau ya haɗe kalmomin biyu ya ce gudun hijira, bai damu da dalilin gudun ba, kuma da wannan ma'ana mai faɗi aka yi amfani a nan.

2.0 Tasowa a Ƙasar da Ta Saba da Tashi

An haifi Bello a shekarar 1781. Mahaifinsa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mahaifiyarsa Hauwa'u, wadda kuma ta haifi Abubakar Atiku. Ya tashi a Ɗegel, ya yi karatu a wurin mahaifinsa da baffansa Abdullahi da wansa Muhammadu Sa'adu.

Gobir ɗin da ya buɗe ido a cikinta ita ma baƙuwa ce a kwarin Rima. Gobirawa sun gangaro ne daga arewa sannu a hankali, daga Azbin zuwa Birnin Lalle, suka shiga ƙasar Zamfara a matsayin maƙwabta masu neman wurin zama. A tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, wanda kufansa ke kusa da Isa ta yau, ya kafa Alƙalawa a bakin gulbi. Sarautar Zamfara ta shiga yawo daga wannan gari zuwa wancan kafin ta zauna a Anka. Abdullahi Rafi Augi ya yi wa wannan zamani cikakken nazari a kundinsa na 1984. Abin da ya shafi wannan maƙala shi ne, tun kafin jihadi akwai al'ummar da aka riga aka kora daga wannan kwari, kuma ba ta manta ba.

A zamanin Sarkin Gobir Nafata aka kafa dokokin da suka takura Jama'a: hana wa'azi ga kowa ban da Shehu, hana wanda bai gaji Musulunci ba shiga cikinsa, hana rawani da lulluɓi. Wani almajirin Shehu, Abdussalami, Ba'are, ya ga zaman ba zai yiwu ba, ya kwashi mutanensa zuwa Gimbana a ƙasar Kabi. A ƙarshen 1803, zamanin Yunfa, rundunar Gobir ta faɗa wa Gimbana, ta kashe na kashewa, ta kama na kamawa. Da aka biyo da kamammun ta kusa da Ɗegel sai mutanen Shehu suka kwance su. Daga nan Yunfa ya nemi Shehu ya fita da iyalinsa kaɗai ya bar sauran. Shehu ya ƙi rabuwa da Jama'arsa, aka tashi gaba ɗaya a watan Fabrairu 1804. Ke nan musabbabin yaƙin na kusa shi ne tambayar abin da za a yi da mutanen da aka riga aka raba da gidajensu.

3.0 Shekarun Yunwa, 1804–1806

Bello yana da shekara ashirin da 'yan kai lokacin hijira zuwa Gudu. An taimaka wa Jama'a da raƙuma, musamman ta hannun wani malami Ba'azbine mai suna Agali, aka ɗauki littattafai da raunana. Waɗanda suka biyo baya ba su samu wannan sauƙi ba, domin Yunfa ya umarci hakimansa su tare hanya, aka riƙa ƙwace dukiyar masu tafiya, wasu aka kashe su. Bello na cikin waɗanda aka aika su kai takardun kira ga magoya baya, saboda haka ya ga halin hanya da idonsa.

Labarin da aka fi ji shi ne na nasarar Tabkin Kwatto a watan Yuni 1804. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne lokacin da aka yi ta. Mutanen da suka bar rumbunansu da rani, suka shiga damina suna yaƙi, ba su da amfanin gona da za su girbe da kaka. Gudu kuwa gefen ƙasa ce, ba za ta iya ciyar da taron da ya sauka a kanta ba. Daga nan har shekara biyu, inda Jama'a ta nufa abinci ne ke yanke shi kafin dabarar yaƙi. An gangaro kwarin gulbi, an matsa kusa da Alƙalawa, a nan ne a ƙarshen 1804 Gobirawa da Azbinawa suka auka musu a Tsuntsuwa. Majiyoyin jihadi sun ce an rasa kimanin mutum 2,000, daga ciki akwai mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Bello ba shi da lafiya a lokacin, kuma shi da sauran shugabanni suka ga tilas a bar wurin a nemi inda hatsi yake.

Aka koma Sabon Gari a ƙasar Zamfara a farkon 1805. Zamfarawa sun karɓe su da farko, saboda tsohuwar ƙiyayyarsu da Gobir da kuma shekarun da Shehu ya yi yana wa'azi a cikinsu. Karɓar ba ta daɗe ba. Baƙi masu yunwa kuma masu makami nauyi ne a kan mai masauki, kuma majiyoyin jihadin kansu ba su ɓoye cewa neman abinci ya kai wasu ga taɓa dukiyar talakawa ba, har garuruwan Zamfara suka juya baya. Bayan cin Birnin Kabi a watan Afrilu 1805 aka sake tashi zuwa Gwandu, kafin shekara ta ƙare kuma aka sha kashi a Alwasa. Yunwa da annoba suka haɗu a kan mata da yara da dabbobi. Nana Asma'u, ƙanwar Bello, tana yarinya 'yar shekara goma sha biyu ta ratsa wannan hali.

Shugabanni uku sun amsa wannan jarrabawa ta hanyoyi uku. Shehu ya amsa da fiƙihu: a 1806 ya kammala Bayanu Wujubil Hijira, inda ya shimfiɗa hukuncin hijira da na ganima da na amana. Abdullahi ya amsa da ƙyama, ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar aikin hajji, har mutanen Kano suka tsayar da shi. Bello kuwa, gwargwadon abin da ayyukansa na baya suka nuna, darasin da ya ɗauka na mai gudanarwa ne: al'ummar da ba ta da ganuwa da gona da rijiya, ko dai ta mutu ko ta zama annoba ga maƙwabtanta, komai kyan aƙidarta.

4.0 Faɗuwar Alƙalawa

A watan Oktoba 1808 Alƙalawa ta faɗi a hannun rundunar da Bello ya jagoranta, tare da Aliyu Jeɗo da Namoda da Umarun Dallaji. An kashe Yunfa. Daga wannan rana matsayin ya juye: masu hijirar jiya suka zama masu ƙasa, masu birnin jiya suka zama abin nema wa wuri.

Gobirawa sun rabu. Wasu suka miƙa wuya suka zauna a ƙarƙashin amana. Wasu aka kama su aka raba cikin ganima, mafi yawansu mata da yara, suka ƙare a gidaje da gonakin waɗanda suka ci su da yaƙi. Jean Boyd ta kawo labarin Katambale, matar Yunfa, wadda ta shiga gidan Bello ta haifa masa 'ya'ya, cikinsu har da Fodiyo. Ta kuma nuna yadda tsarin 'yan taru da Nana Asma'u ta kafa daga baya, da jajinsa da malfarsa, ya ari wani abu daga kamannin sarautar Innar Gobir domin ya isa ga matan karkara waɗanda da yawansu yaƙi ne ya kawo su inda suke. Kaso na uku kuma suka bi ragowar gidan sarauta suka shiga daji. Shekara kusan talatin sarautar Gobir ba ta da mazauni tabbatacce. Ana jin ta a Kadaye, ana jin ta a Dakurawa, ana jin ta a Konya. Katsinawan da aka kora daga birninsu sun bi irin wannan hanya har Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi.

Bello ya fara gina Sakkwato a 1809, a kan tudu kusa da mahaɗar gulbin Rima da gulbin Sakkwato. Garin da kansa matsugunin masu hijira ne, mutanen da suka yi shekara biyar ba su kwana a gida nasu ba. Ya kammala Infaƙul Maisuri a 1812. Shehu ya dawo Sakkwato daga Sifawa a 1815, ya rasu a watan Afrilu 1817, aka yi wa Bello mubaya'a.

5.0 Kware

Fitinar farko da ta tare shi ta fito ne daga mutumin da saboda shi aka fara yaƙin. Abdussalami yana zaune a Kware, arewa da Sakkwato, yana ganin rabon ƙasar da aka ba shi bai kai wahalar da ya sha ba. Garinsa ya zama matattarar masu ƙorafi da 'yan amana da waɗanda suka gudo, yana kuma hulɗar ciniki da waɗanda Sakkwato ke ɗauka abokan gaba. An ruwaito cewa ya kwance wasu kamammu da aka biyo da su ta kusa da garinsa, abin da ya yi kama ƙwarai da wanda aka yi wa mutanensa a Ɗegel. Bello ya yi musayar wasiƙu da shi, ya tattara hujjojinsa a Sardul Kalami, daga ƙarshe ya ci Kware a farkon 1818. Abdussalami ya fita da rauni, ya rasu a Bakura.

Mutanensa suka sake watsewa, da yawa suka taru a Kalambaina a ƙasar Gwandu, nan ma aka ci su, a yaƙin da ya sasanta Bello da baffansa Abdullahi. Sai bayan haka ɗansa Buhari ya samu izinin zama a Jega, inda zuriyar Gimbanawa take har yau. Daga Gobir zuwa Gimbana, zuwa Kware, zuwa Kalambaina, zuwa Jega: al'umma guda ta tashi sau huɗu cikin abin da bai kai shekara talatin ba, biyu a hannun sarakunan Gobir, biyu a hannun 'yan'uwanta na Jama'a. Sardul Kalami littafi ne na kare kai, kuma yadda Bello ya ga wajibi ne ya rubuta shi ya nuna cewa al'amarin bai kwanta masa a rai da sauƙi ba.

6.0 Ribaɗi

A nan ne gudummawar Bello ta fi fitowa. Iyakar arewa da gabas ba ta da tsaro. Gobirawa ƙarƙashin Sarki Ali ɗan Yakubu, wani lokaci sulhu wani lokaci yaƙi, suna iya kai hari har kusa da Sakkwato. Ƙauyukan da ba su da ganuwa suka zama kufai, gonaki suka koma daji. Hugh Clapperton, wanda ya iso Sakkwato a watan Maris 1824, sai da Bello ya aika mahaya suka rako shi kafin ya ratsa dajin Gundumi, kuma ƙishirwa da tsoro ne suka fi tsaya masa a rai game da wannan hanya. Dajin nan, wanda matafiya tsakanin Sakkwato da Isa suka san sunansa a yau saboda dalili makamancin wannan, ba rashin albarkar ƙasa kaɗai ya hana shi mutane ba.

Maganin da Bello ya kawo shi ne ribaɗi, wato gari mai ganuwa a kan iyaka wanda mazaunansa manoma ne kuma mayaƙa. Ya samo tunanin daga littattafan fiƙihu da tarihin Musulunci, ya yi rubutu a kansa, sa'an nan ya fara da kansa: ya zauna a sansanin Magariya, daga baya ya gina Wurno a bakin gulbin Rima ya mai da ita mazauninsa. Ya ɗora 'ya'yansa da 'yan'uwansa a kan sauran. Aliyu Babba ya riƙe Shinaka. Fodiyo ya riƙe Lajinge, a cikin ƙasar Sabon Birni ta yau, kuma da wuya a ce zaɓen ɗan Katambale domin ya zauna a tsakiyar Gobirawa katari ne kawai.

Abin da ya bambanta ribaɗin Bello da sansanin yaƙi shi ne abin da ya nemi a zuba a cikinsa. A Usulus Siyasa, wadda ya rubuta wa Sarkin Katsina Umarun Dallaji, ya ɗora wa shugaba nauyin samar da manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa da masu magani, a rarraba su ga kowane gari gwargwadon buƙata. Ya nemi a gina ganuwa, a gyara kasuwanni da hanyoyi, a kuma riƙa ajiye abinci domin ranar buƙata. Wanda ya karanta wannan yana tune da Sabon Gari da Gwandu zai gane cewa jerin abubuwan da Jama'a ta rasa ne a 1805. Haka nan ya matsa wa Fulani makiyaya su zauna wuri guda, su koyi noma, su rage shanu su ƙara dawaki da raƙuma da tumaki da awaki, a ba su malamai masu koyar da 'ya'yansu. Irin wannan shawara ya ba Muhammadu Jailani game da Azbinawan da ke bin sa. Ya yi rubutu kan magani, har da ciwon ido da basir, kuma cikin abin da ya nema daga Sarkin Ingila ta hannun Clapperton akwai likita.

Idan aka auna da abin da hukumomin agaji ke kira mafita mai ɗorewa a yau, wato a ba wanda aka kora ƙasar noma da sana'a da tsaro maimakon a riƙa auna masa tsaba, za a ga Bello ya riga ya kai can. Sai dai kwatancin yana da iyaka, kuma bai kamata a tsallake ta ba. Ba duk mazauna ribaɗi ne suka zo da ƙafarsu ba. Da yawa bayi ne da aka kamo a yaƙi, aka zuba su a rinji suna noma abin da zai ciyar da mayaƙan da za su kamo wasu. Ganuwar da ta zama mafaka ga Basullube ko Bazamfaren da ya miƙa wuya, ita ce kurkukun Bagobirin da aka kamo. Tsarin bai san wani abu mai suna farar hula da ba ruwansa ba. Ya san Musulmi, ya san ɗan amana, ya san abokin gaba, kuma haƙƙin mutum ga abinci da mafaka yana bin rukunin da aka sa shi.

Akwai hoto guda daga wannan zamani da ya cancanci a ajiye. A watan Oktoba 1826 Clapperton, a zuwansa na biyu, ya tarar da Bello yana kewaye da Konya, ya kuma kalli harin da aka kai wa garin, wanda bai yi nasara ba. Cikin duk abin da ya gani, wadda ya fi yabo ita ce wata tsohuwar baiwa Bazamfara ta gidan Sarkin Musulmi, tana bisa doki, da gorunan ruwa rataye da tasar tagulla, tana bi tana shayar da masu rauni da masu ƙishirwa. Bai kawo sunanta ba. Ita kanta, Bazamfara a cikin bauta, ɗaya ce daga waɗanda yaƙe-yaƙen kwarin suka tumɓuke.

7.0 Gawakuke

Ali ɗan Yakubu ya yi shekaru yana riƙe da sulhu da Sakkwato. Ruwayar da Johnston ya kawo ta ce masu zuga sun aika masa da wuƙaƙen fawa, ma'ana ya zama bara mai yanka wa wasu nama, kuma wannan gori ne ya sa ya warware. Ko da gori ko babu, sarkin da mutanensa ke zaune a ƙasar da ba tasu ba, ƙarƙashin idon waɗanda suka kore su, yana tsakanin wuta biyu. Ya haɗa kai da Rauda na Maraɗi da Ibra na Azbinawa. A farkon 1836, da tsakiyar rani, Bello ya fita da babbar runduna, ta sha ƙishirwa a hanya, aka haɗu a Gawakuke. Ali da Rauda duk sun rasa rayukansu, Ibra ya tsere. Nana Asma'u ta yi wa wannan nasara waƙa da Fulatanci.

Abin da ya biyo bayan nasarar shi ne mafi nauyi a tarihin Bello. Majiyoyin Sakkwato da kansu sun ambaci kisan dubban mazaje da kama mata da yara masu yawa. Ana iya jayayya kan adadin, domin marubutan zamanin sukan kai lissafi sama don girmama nasara, amma ba a jayayya kan cewa an yi wa Gobirawa hukuncin masu warware amana da tsanani. Mutumin da ya rubuta cewa shugaba ya ajiye abinci domin talakawansa, shi ne ya ba da wannan umarni, kuma a wurinsa babu saɓani tsakanin biyun, tun da fiƙihun da ya bi ya raba hukuncinsu. Mai nazarin yau ba dole ne ya karɓi wannan rabo ba, amma sai ya fahimce shi kafin ya gane dalilin da ya sa ake tuna Bello da fuska biyu a Wurno da Tsibiri.

Bello bai daɗe ba bayan Gawakuke. Ya rasu a Wurno a watan Oktoba 1837, aka rufe shi a can, a cikin ribaɗin da ya gina, ba a Sakkwato kusa da mahaifinsa ba.

8.0 Garuruwan da Suka Biyo Baya

Gawakuke ba ta kashe Gobir ba. Waɗanda suka tsira sun nufi gulbin Maraɗi, inda Ɗan Mari, magajin Rauda, ya karɓe su, Mayaƙi ɗan Yakubu ya kafa Tsibiri 'yar tazara kaɗan daga Maraɗi. Masu gudun hijira biyu, na Katsina da na Gobir, suka zama maƙwabta kuma abokan yaƙi. Abubakar Atiku, wanda ya gaji Bello, ya kai wa Tsibiri yaƙi, ya rasu a Katuru a 1842 a kan hanyar dawowa. Da Heinrich Barth ya zo a 1853 sai da ayarinsa ya yi tafiyar awa 26 ba tsayawa kafin ya fita daga Gundumi, ya kuma tarar da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a sansani yana shirin fita yaƙi da Gobirawa.

'Ya'yan Bello sun ci gaba da manufar ribaɗi. Aliyu Ƙarami ya riƙe Isa kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1866, kuma sarautar garin har yau Sarkin Gobir ake kiranta. A zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku, tsakanin 1859 da 1866, rikicin gidan sarauta a Tsibiri ya sa Ɗan Halima ya ɓalle da mutanensa, aka ba shi izini ya gina Sabon Birni kusa da kufan Alƙalawa. Jikokin waɗanda aka kora a 1808 suka dawo kwarin kakanninsu bayan fiye da shekara hamsin, suka zauna tafiyar yini guda daga ribaɗin da aka gina domin tsare su. Nan ma sarautar Sarkin Gobir ce.

Da Ingila da Faransa suka zo raba ƙasa, yarjejeniyoyin 1904 da 1906 da aikin shata iyaka da ya ƙare a 1908 sun bar Tsibiri da Maraɗi a hannun Faransa, Sabon Birni da Isa a hannun Ingila. Layin ya ratsa tsakanin gida ɗaya, bai kuwa hana aure da kasuwa da ziyara ba. Da yawa daga waɗanda suka ƙetare a 2019, kafin wata hukuma ta rubuta sunayensu, a gidajen dangi da masu masaukin ƙauyukan iyaka suka fara sauka.